Inda Gani Bai Kori Ji Ba: Taron Bidiyo da Binciken Harshe a Damargu

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, taro ta bidiyo ya zama ruwan dare a jami'o'i. Malami yana zaune a Yamai ya duba aikin ɗalibinsa da ke Damagaram, mai jarrabawa kuma yana wata ƙasa ya halarci zaman kare kundi. Da kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, sai tunanin ya tsallaka daga aji zuwa fagen bincike. Ɗalibin da ke nazarin Hausar Damargu yana iya tambayar kansa abin da zai kai shi Tanut, tafiyar kilomita kusan 150 arewa da Zinder a kan hanyar Agadas, ko Belbeji da ke yamma da ita, alhali zai iya kiran mai ba shi bayani ta Zoom ko WhatsApp ya naɗi muryarsa. Hanyar tana da amfani, kuma ba a raina sauƙin aljihu. Sai dai duk wanda zai kafa ɗakin taron bidiyo domin aikin harshe, wajibi ne ya fara biya wa kunne buƙata kafin ido.

Sau da yawa akasin haka ake yi. Kuɗi kan ƙare a ƙaton allo da kyamara mai tsada, domin su ne baƙo yake gani ranar buɗe ɗaki, sannan a wadatu da ɗan makirfon da ke jikin kwamfuta. Ga taron ofis wannan yana iya wadatarwa, tunda saƙo ake bi. Masanin harshe kuwa sautin kansa yake farauta.

Damargu wuri ne da wannan magana take da nauyi. Hausawa da Dagirawa masu asalin Barebari da Abzinawa da Fulani suna cuɗanya a kasuwanni da bakin rijiyoyi, Hausa ce kuma take haɗa su. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da ƴ nasa na kansa, Barbarci kuwa ba shi da haɗiyau ko tunzuɗau irin na Hausa. Saboda haka tambaya ce ta ilimi a san ko wanda ya tashi da Barbarci yana bambanta baki da baƙi, kafa da ƙafa, ko sara da tsara, in yana Hausa. Amsar tana cikin wani ɗan taƙi na furuci da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan na'ura ta shafe wannan ɗan taƙin, ɗalibi zai rubuta a kundinsa cewa mutanen wuri kaza sun yar da ƙ, alhali manhaja ce ta yar da ita. Kuskuren da ya shiga kundi kuwa yakan haifi ƴaƴa, domin na baya za su kafa hujja da shi.

Manhajojin taro an gina su ne domin a fahimci zance da ƙaramin intanet. Suna matse murya, suna tace abin da suke zaton hayaniya ce, suna kuma ɗaga ƙarfin sauti su sauke shi da kansu. Muryar tana tafiya ne gutsure-gutsure, kowane gutsure galibi milisakan 20. In wani ya ɓace a hanya, manhaja takan cike gurbin da kintace, ko ta ja sauti ko ta taƙaita shi domin zance ya daidaita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga harshen da tsawon wasali yake raba gari na zama da gari na tuwo, karin sauti kuma yake raba fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Hatta "ya zo" fuska uku gare ta a baki: ta labarin abin da ya riga ya faru, da ta jerin labari, da ta umarni, kuma tsawon wasali da karin sauti ne kaɗai suke rarrabe su.

Magani na farko shi ne a raba hira da naɗi. A yi hira ta bidiyo, amma a ajiye rakoda a gaban mai magana can Tanut ko Belbeji, ta ɗauki muryarsa a tsarin WAV wanda ba a matse ba, bayan an nemi yardarsa, daga baya a aiko da fayil ɗin. Wannan ne kaɗai ya cancanci a aza a manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka samar domin awon sauti. Inda hakan bai samu ba, Zoom yana da zaɓin barin sauti yadda yake ba tare da tacewa ba, kuma kunna shi bai wuce minti ɗaya ba.

Sauran matsalolin sanannu ne, gyaransu ma ba tsada. Amsa-kuwwa tana faruwa ne idan muryar da ke fita daga lasifika ta sake shiga makirfo. A sa abin saurare na kunne, ko a tabbatar na'ura ɗaya ce tak take buɗe a ɗakin. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana maido da sauti, amma tabarmi a ƙasa da labule masu kauri a bango suna kashe yawancinsa. A kashe fanka lokacin naɗi, a nisanta janareta. Idan murya ta fara tsinkewa, a kashe hoto, domin bidiyo mai kyau yana cin intanet ninki goma ko fiye na abin da murya take ci.

Jinkiri kuwa sai an yi hattara da shi. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin isar murya ya wuce milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai. Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009 kan harsuna 10 ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa takan kasance wajen milisakan 200. Gaisuwar Hausa ana yinta ne karɓa-karɓa, ina kwana ta ci karo da lafiya lau ba tare da sarari ba. Da zarar layi ya ja, sai a riƙa haɗa baki ko a yi shiru tare. Mai nazarin tsarin hira da ya auna shirun dattijo ta irin wannan layi, layin ya auna.

Ba a ce allo ba shi da muhimmanci ba. Mai nazarin maganar hannu ta kurame ko motsin leɓɓa ba shi da makawa sai da hoto mai kyau. A wajen allo ma akwai tarko na musamman ga masu Hausa, wato haruffa masu ƙugiya. Idan kwamfutar da aka jona da majigi ba ta da salon rubutun da ya ƙunshi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai su fito kamar ƴan akwatuna, zubin kamantau ya lalace a gaban masu jarrabawa. Salon Charis SIL da Doulos SIL kyauta ne, mayar da takarda PDF kuma yana kulle haruffan. Idan allo ya ƙi nuna komai, a fara duba wayar HDMI da ƙofar da aka zaɓa kafin a yanke hukuncin cewa ya mutu. Majigin da yake mutuwa da kansa a tsakiyar darasi, galibi ƙurar hunturu ce ta toshe matacinsa ya yi zafi. Batir da farantin hasken rana da na'urar daidaita wuta su ma suna gaba da ƙarin faɗin allo.

Duk wannan ba zai ɗore ba sai da mutum a wurin wanda ya san abin da zai taɓa. A nan ne ɗaliban kimiyyar harshe suke da aikin yi. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma bayanan da ke zuwa da waɗannan na'urori cikin Faransanci ko Ingilishi suke. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder da na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna iya zama da masu gyaran waya da rediyo, su tattara kalmomin da suke amfani da su, su tsara jagora mai shafi ɗaya da za a manna a bangon kowane ɗakin taro. Sashen da zai sayi kaya kuma ya jera su haka: wuta, makirfo da rakoda, horon mai kula, sannan allo. Kafin kuma ɗalibi ya dogara da kowace murya da ta zo ta waya, ya taka zuwa Damargu ko sau ɗaya, ya ji da kunnensa.