Kacici-kacici a Ajin Likitanci: Ina Goyon Baya, Amma da Sharaɗi



A makarantun likitanci da dama yanzu, malamai kan rufe darasi da gajeriyar gasar tambayoyi, wani lokaci a takarda, wani lokaci a waya ta manhaja irin su Kahoot. Akwai masu ganin wannan wasan yara ne, bai dace da mai shirin riƙe rayukan mutane ba. Ni ban yarda da su ba, musamman a darasin cututtukan da sauro da ƙudaje ke yaɗawa, inda Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya.

Hujjata ba ra'ayi ba ce kawai. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka ce su rufe takarda su tuno abin da suka karanta. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, waɗanda aka sa su tuno suka wuce su. Wato wahalar lalubo amsa ita ke kafa ta a kai.

Sharaɗina yana kan irin tambayar. Idan malami ya ce, "Wane sauro ke kawo maleriya?" kowa zai ce Anofilis, a tafa, a wuce. Wannan hadda ce, ba ta hana ko yaro ɗaya kwanciya. Kwatanta da wannan: "An raba gidan sauro a wata unguwa, kowa na kwana a ciki, sai ga zazzaɓin dengi ya ɓarke. Ina matsalar take?" Nan dole ɗalibi ya tuna cewa sauron dengi da shawara, wato Aidis, da rana yake cizo, galibi da safe da kuma yamma. Ba a kwatami yake haihuwa ba, a randa ne, da tsohuwar taya, da gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki. Wanda ya ci wannan tambayar ya san abin da zai gaya wa mutanen unguwar: a rufe randuna, a zubar da ruwan da ya kwana a mazubi, a wanke, aƙalla sau ɗaya a mako.

Haka baƙin ƙudan da ke kawo makanta a garuruwan bakin kogi. Cike kududdufai ba ya taɓa shi, don a ruwa mai gudu da ƙarfi yake zuba ƙwai. Shi ya sa aka yaƙe shi da feshin magani a koguna da rabon ƙwayar ibamektin, har a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka. Daga wannan labarin kaɗai malami mai himma zai fitar da tambayoyi goma masu nauyi.

Kuma amsoshin ma suna tsufa. Shekaru ana koyar da cewa maleriya ta fi ƙarfi a karkara, inda ruwan damina ke kwanciya. A 2020 aka gano wani nau'in Anofilis ɗan asalin Asiya, stifensi, a jihar Gombe, shi kuwa tankin ruwa da mazuban cikin gari yake so. Ga shi sauro ya fara jure maganin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro, har an koma yin wasu gidajen masu haɗin magani biyu. Malamin da ke jujjuya tambayoyin shekara goma da suka wuce yana koyar da abin da ya riga ya canza.

Abin da ba na so a gasar shi ne kyauta da tafi. Da zarar an sa kofi, mutum biyar masu saurin baki su ke cinye fili, sauran su zama 'yan kallo, alhali su ma gobe za a tura su asibitin ƙauye. Gara a yi ta kowane mako, ba maki, kowa ya amsa, a kuma tsaya a bayyana dalilin da ya sa amsar da ba daidai ba ta ja hankalin mutane da yawa. Zan so ma a riƙa jefa irin wannan: "Bayyana wa mai unguwa, da Hausa, cikin jimla biyu, dalilin ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi kowane wata a damina." A nan ne wasu gwanayen Turanci za su yi zufa.

Sai dai gasa ba ta maye gurbin fita fili. A kai ɗalibai bakin ruwa da ludayi su ɗebo su duba: tsutsar Anofilis kwance take a miƙe daf da saman ruwa, ta sauron kwatami kuwa tana rataye, kai ƙasa. In sun dawo aji sai a tambaye su wacce suka gani.