TUN RAN GINI RAN ZANE: KADA A SAKE YI MANA IRIN TA ARLIT

'Yan'uwa talakawa na dukkan rassa, daga Agadas zuwa Ingal, daga Cirozerin zuwa Arlit! Yau maganar gari za mu yi. Duk inda aka gano arziki a ƙarƙashin ƙasar Abzin, gari zai tsiro a bisansa, ko an shirya ko ba a shirya ba. To, wa zai zana wannan gari, kuma don wa? Mu dai amsarmu ɗaya ce. Majalisar gari ce za ta zana shi, a gaban jama'a, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. In aka bar wa kamfani alƙalami, an sake yi mana irin ta Arlit ke nan.

Ku tuna yadda aka yi. A 1957 Faransawa suka gano yuraniyom a Azelik. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka fara ginin Arlit a tsakiyar hamada, wajen kilomita 240 arewa da Agadas, a 1971 aka fara fitar da yuraniyom. A 1974 aka kafa COMINAK, ita ma ta gina nata garin, Akokan, ta fara aiki a 1978.

An zana gidajen manyan ma'aikata, an zana na lebura, kowa gwargwadon matsayinsa. An ja musu wuta da ruwan famfo, an gina asibiti da kanti, har ana yi wa garin kirari da Paris ta biyu. Amma masu zanen ba su ƙidaya kowa ba sai wanda sunansa ke cikin takardar albashi. Sun manta, ko kuwa sun ƙi tunawa, cewa inda albashi ya sauka, nan mahauci zai zo, da tela, da mai tuwo, da ɗan ga-ruwa, da dillali. Sun manta da makiyayan da suka tarar a wurin, da waɗanda farin 1973 ya kashe wa dabbobi suka taho neman abin kai wa baka. Waɗannan duka suka zauna bayan shinge, cikin unguwannin da aka raɗa wa suna Bukoki. Sunan kaɗai ya isa shaida. A ƙidayar 2012 mutanen Arlit sun kusa 80,000, kuma mafi yawansu zanen farko bai san da zamansu ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2003 masana na ƙungiyar CRIIRAD daga Faransa suka tarar da ƙarafan da suka gurɓata daga ma'adinai ana sayar da su a kasuwar Arlit. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan, ta sami tururin guba ya ninka yadda ya kamata kusan sau 500, domin da tarkacen dutsen ma'adinai aka cike hanyar. Cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba, 4 sun wuce ma'aunin yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a sha. Ruwan kuwa na tsohuwar taska ne a ƙarƙashin ƙasa, wanda damina ba ta mayar da abin da aka ɗiba.

Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da wajen tan 75,000 na yuraniyom. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. Aka bar wa Akokan tsibin sharar ma'adinai na wajen tan miliyan 20, wanda sai daga baya aka shiga aikin rufe shi da ƙasa. Mai tuwo wa za ta sayar wa? Tela wa zai ɗinka wa? Garin da aka tsayar bisa ƙafa ɗaya, ran da aka zare ƙafar, sai ya durƙusa.

Ku dubi Agadas. Ta haura shekara 500 tana tsaye, da masallacinta na ƙasa mai hasumiyar mita 27, da unguwanninta 11, da fadar Sarkin Abzin. Ta ga yunwa, ta ga yaƙin 1917, ta ga mutuwar kasuwa, ba ta mutu ba. Me ya riƙe ta? Ayarin gishirin Bilma, da dukawa, da maƙeran azurfa, da lambunan tsaunuka, da kasuwar dabbobi. In ƙafa ɗaya ta karye, saura su ɗauka. Amma ita ma da aka yi sake da hanyar ruwa, ƙoramar Telwa ta ɓalle a Satumba 2009 ta cinye dubban gidaje.

Wani zai ce ai kamfani ya yi asibiti, ya ba da wuta. Mun ji. Amma abin da aka ba ka don alheri, ana iya karɓewa ran da aka ga dama. Haƙƙi shi ne wanda aka rubuta, ka san ƙofar da za ka buga in an hana ka.

Wani kuma zai ce magana ta ƙare, tunda an ƙwace izinin Imuraren daga hannun Orano a 2024, an mai da SOMAIR ta ƙasa a Yuni 2025. Arzikin ƙasa na 'yan ƙasa ne, wannan ba mu da ja. Amma sauya tuta a ƙofar ma'adinai ba ya haƙa rijiya a Bukoki. Ɗan ƙasa da zai zauna a ofis a Yamai ya zana mana gari bai tambaye mu ba, aikin Nasara ya gada. Ga ramin Dasa da kamfanin Kanada ya buɗe tsakanin Agadas da Arlit. Ga Jado da Cibarakaten, inda zinariya ta tara dubban mutane daga 2014 ba tsari ba magudana. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ke shigowa. An zaɓi majalisun gari a 2004, an rushe su a Afrilu 2024 aka naɗa wakilai. Ko zaɓaɓɓe ne a kan kujera ko naɗaɗɗe, ga abin da za mu riƙe shi da shi kafin a yanka fili ko ɗaya:

1. A karanta taswirar gari a bainar jama'a, da Hausa da Tamashek, ranar kasuwa, a kafe ta a ƙofar magajin gari.

2. A ƙidaya duk mai zuwa, da mai albashi da marar albashi. Gari ɗaya, famfo ɗaya, asibiti ɗaya. Ba mu yarda da shinge tsakanin ɗan kamfani da ɗan kasuwa ba.

3. A auna ruwa tun farko, a ware rabon mutane da dabbobi kafin na injin. Mai awon kada ya zama mai cin albashin kamfani.

4. A nisanta sharar ma'adinai da gidaje, a duba inda iskar hunturu ke kaɗawa. Kada dutsen rami ya shiga titi, kada ƙarfen rami ya shiga kasuwa.

5. A bar wa ƙorama hanyarta. A bar wa makiyaya burtali da mashaya da makiyaya.

6. A ware filin kasuwa, da makaranta, da maƙabarta, da lambu, da tasha, a rubuce, don kada gobe a raba wa 'yan lele.

7. A ajiye kuɗin ranar rufewa tun ranar buɗewa. Kashi 15 ɗin nan kuma a faɗa mana nawa ya shigo, nawa ya fita, kowace shekara.

'Yan'uwa, kowane reshe ya karanta wannan takarda a taronsa na wannan mako. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A kira mata, don su ne ke ɗaukar ruwa. A zaɓi mutum uku su kai waɗannan buƙatu bakwai ofishin magajin gari, su nemi amsa a rubuce, su kawo wa reshe. In an ce su dawo gobe, su dawo gobe, su tafi da mutum goma.

Ƙasa tamu ce, gari namu ne, zane ma namu ne!