Jama'ar Kwanar Dangora, Mu Tsare Ruwan Shanmu

Ya ku jama'ar Kwanar Dangora, da na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Damina na tafe, kuma kowa ya san baƙon da ke biyo bayanta: amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Amma har gobe idan ta shiga gida sai ka ji ana cewa iska ce, ko jifa aka yi. Haba jama'a! An kama mai laifin nan tun zamanin kakannin kakanninmu.

Mutanen Landan ma a da sun ɗauka warin bola ne ke kawo ta. A 1854 ta ɓarke a wata unguwa, ta kashe sama da mutum 600. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya tarar galibinsu famfo guda suke sha. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Bayan shekara 30, Robert Koch, Bajamushe, ya je Kalkata ta ƙasar Indiya, ya ɗebo ruwan wani kududdufi da ake sha, ake wanka, ake wanke tsumman marasa lafiya a cikinsa. A ruwan nan ya sami irin ƙwayar cutar da ya gani a hanjin majinyata, 'yar lanƙwasasshiya, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Daga bahayan mai cuta take fitowa, ta bi ruwa ko hannu ta shiga bakin mai lafiya. Hanyarta ke nan.

To mu dubi kanmu. Garinmu mararraba ce: mai zuwa Zariya, mai gangarawa Jos ta Falgore, duk a nan ake tsayawa a ci abinci, a kama ruwa. Gugan da aka yar a taɓo aka sake zurawa a rijiya, moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa a randa, kwanon wanke hannu da mutum goma suka riga ka, kowannensu ƙofa ce a buɗe.

Masu abinci, ku ajiye buta da sabulu, a riƙa zubawa mutum yana wankewa. 'Yan garuwa, ku san inda kuke ɗiba. Magidanta, a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga, a nisanta masai da ita. Iyaye mata, a tafasa ruwan sha. Dagatai da masu unguwanni, ku hana bahaya a fili. Malamanmu, ku faɗa a huɗuba, domin maganarku ake ji. Ku tuna wa jama'a cewa Sayyidina Umar da kansa ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can.

Wanda gudawa ta kama kuma, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a yi ta ba shi, a garzaya da shi asibiti. Kwalara na iya kashe ƙato cikin sa'o'i kaɗan. Don Allah, kowa ya fara da rijiyar gidansa yau.