A Tausaya Wa Mai Laulayin Ciki

A ƙasar Kagoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, mace ita ce ginshiƙin gida da gona. Ita ke ɗebo ruwa da itace, ita ke girki, kuma idan lokacin citta ya zo, da ita ake shuka, da ita ake tono da tsagawa da shanya. Amma da zarar ta sami juna biyu, laulayi ya kama ta har ƙanshin miya ya gagare ta, sai a ji ana cewa ai kowace mace da haka ta haihu, wasu ma su kira abin lalaci ko shagwaɓa. Wannan ra'ayi kuskure ne babba, kuma lokaci ya yi da jama'a za su yi watsi da shi.

Likitoci sun tabbatar cewa kimanin mata 7 cikin 10 masu ciki suna fama da tashin zuciya ko amai, wanda kan fara wajen mako na 6, yawanci ya lafa kafin mako na 20. A 2023 masu bincike suka bayyana a mujallar Nature cewa babban musabbabinsa wani sinadari ne mai suna GDF15, wanda mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa. Ke nan mai laulayi ba ta da laifi ko kaɗan.

Akwai kuma laulayi mai tsanani, wanda ko ruwa ba ya zama a cikin mace, ta rame, jikinta ya bushe. Irinsa ne ya kwantar da Catherine, matar Yarima William na Ingila, a wani asibiti a Landan cikin Disamba 2012. To, idan matar ɗan sarauta mai barori ta kai ga gadon asibiti, ina ga matar manomi wadda ake jiran ta sauke tukunya ta wuce gona?

Abin da ke ƙara dagula al'amarin shi ne ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya ko tsoron bakin mutane, har ba a zuwa awo sai ciki ya fito, alhali wahalar ta riga ta ci jiki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. Cikin abubuwan da ta amince da su don sauƙaƙa tashin zuciya har da citta da bitamin B6. Ashe abin da matan Kagoma ke nomawa ana kaiwa ƙasashen waje yana da amfani a ɗakunansu.

Sai dai citta ba ta maganin laulayi mai tsanani. Macen da ta yini ta kwana ba abin da ya zauna mata a ciki, ko fitsarinta ya ragu ya yi ja, ko jiri ko zazzaɓi ya kama ta, wajibi ne a garzaya da ita asibiti don ƙarin ruwa. Haka nan a guji sayen ƙwayoyi barkatai a kemis. Maganin Thalidomide, wanda aka riƙa ba masu laulayi a ƙasashe da dama daga 1957 zuwa 1961, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa.

Saboda haka lalle ne Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta wadata ƙananan asibitocin karkara da ungozoma da ruwan ƙari, don kada sai an ɗauko mace a galabaice bisa babur zuwa babban asibitin Kafanchan, wanda ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, ɗan Fadan Kagoma. Kwalejin koyon jinya da ungozoma ta Kafanchan ta horar da ɗalibanta su riƙa tambayar mace game da amai, kada su jira sai ta faɗa. Zumuntar Mata a majami'u da malamai a masallatai su wayar da kan jama'a.

Nauyi mafi girma kuwa yana kan maigida da uwar miji. A ɗauke wa mai laulayi girki da aikin gona na 'yan makonnin nan, a ba ta abinci kaɗan-kaɗan, a raka ta awo da wuri. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, amin.