Wai Fuska Ce Kaɗai Ke Sayar Da Fim?

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis a shekarun da kaset ke tashe, ba zai manta da rumfunan masu sayar da finafinai ba. Tun kafin ka bar hayaniyar kara da kukan raƙuma kake hango su, an bi jikin langa-langa an liƙe da fasta, wata kan wata, tsofaffin rana ta cinye su sun koma ruwan toka, sababbin kuwa sai ƙyalli suke yi. A gaban rumfar za ka tarar da Bafulatanin da ya sayar da sansa kuɗi na motsi a aljihu, da mutumin Dungas ko Magarya da ya tsallako iyaka, da yaron da matan gida suka aiko daga wani ƙauye na Sule Tankarkar da saƙon a sayo musu "mai daɗi". Da yawansu suna karanta ajami kamar ruwa, amma boko bai dame su ba. Sunan fim ɗin da ke rubuce a jikin takardar bai ce musu komai ba. Hoton suke karantawa, kuma abin da hoton ya gaya musu shi ne zai fitar da kuɗin ko ya mayar da shi aljihu.

To, 'yan uwa marubuta, a kan wannan karatu na hoto muke son mu yi magana, kuma mun san za mu taka sawun wasu. Ra'ayinmu shi ne, fasta ita ce shafin farko na labari. An ƙwace wannan shafi daga hannun mai labarin an danƙa wa ɗan kasuwa, mun zuba ido mun yi shiru, daga baya ma muka bi sahu muka ɓata bangon littattafanmu da hannunmu.

Bari mu tuna wa matasan cikinmu yadda abin ya faro. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Shekara guda bayan haka, wato 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya shiga kasuwa, daga baya kuma aka mayar da shi fim. Marubuta na cikin waɗanda suka yi wa wannan sana'a wankan jego, ba baƙi ba ne mu a cikinta. Amma tsarin cinikin da aka kafa a Bata da Ƙofar Wambai shi ya juya komai. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba. Kwali yake bugawa, dubu kaza, ya kai wa dillali tare da uwar kaset, dillalin ya naɗi fim ɗin a kan kaset ɗinsa ya zura a kwalin. Yawan kwalin da aka saya shi ne kuɗin furodusa. Ka ga ke nan takardar nan da ake liƙawa ita ce hajar, fim ɗin kuwa yana ciki ba mai ganinsa sai an isa gida. A irin wannan ciniki wa zai tsara kwali? Wanda zai saye shi mana. Shi kuwa abu ɗaya ya sani: fuskar da ta sayar makon jiya ita za a sake sa wa.

Daga nan aka haifi fastar da kowa ya sani. Kawuna shida ko takwas an yanko su daga hotuna daban-daban an jera kamar kayan miya a faifai. Jarumi a tsakiya ya ci kwalliya yana murmushi, jaruma biyu hagu da dama kowacce ta karkatar da kai, wani dattijo a kusurwa, ɗan barkwanci a ƙasa ya zaro ido. Hasken da ke fuskar wannan daga gabas ya fito, na wancan daga yamma. Babu wanda ke kallon wani, duk kai suke kallo. A bayansu ja da ɗorawa da kore da shuɗi sun kaure da faɗa. Fim ɗin na mutuwar aure ne? Na gado ne? Na matsafa ne? Wallahi ba za ka sani ba, domin matar da za ta kwana uku tana kuka a cikin fim ɗin ita ce ke yi maka fari da ido a jikin kwalin. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma waɗannan fuskoki ka tambaye su har gobe, ba abin da za su gaya maka sai sunayensu.

Wani zai ce ai daga Indiya muka koya, su ma fuska suke sa wa. Wannan magana ta wanda bai tsaya ya duba ba ce. Dattawan da suka yi layi a ƙofar silimar Palace ko El Dorado a Kano za su tuna fastar Mother India, fim ɗin 1957. Fuskar Nargis ce, ba musu. Amma me take yi? Ta saɓo garma a kafaɗa, ta ɗaga kai, wuya ya miƙe, azaba ta bayyana a duk jikinta. Manomin Gagarawa da bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba, ya kalli wannan hoto sau ɗaya ya gama fahimtar fim ɗin: mace ce ke yin aikin da ya kamata sa ya yi, saboda haka akwai bashi, akwai yunwa, akwai rashin miji. Masu zanen Bombay da hannu suke aiki, da fenti da buroshi, suna rina fuskar mugu da launin da ba na mutane ba, suna ƙara wa ta jarumi wuta, don mai wucewa a kan keke ya san wa zai ƙi, wa zai so. M. F. Husain, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zane na ƙasar Indiya, da zanen allunan silima ya fara cin abinci a Bombay. Su sun ɗauki fuska sun sa ta aiki. Mu mun ɗauki fuska mun ajiye ta kawai.

Akwai misalin da ya fi wannan shafarmu. Fim ɗin Jaws na 1975, na ƙaton kifin nan mai cin mutane, fastarsa ba ta da fuskar ɗan wasa ko ɗaya. Wata mata ce can sama tana iyo, ƙanƙanuwa, ba ta san abin da ke ƙarƙashinta ba. Daga ƙasa kifin ya taso da baki buɗe, ya kusa cika takardar. Tsakaninsu ruwa ne shuɗi, fili fetal, sai sunan fim ɗin da jan rubutu a sama. Tsoron duk yana cikin wannan ɗan fili da aka bari tsakanin haƙora da mace, domin kai ka ga abin da ita ba ta gani ba. Abin da muke so ku riƙe shi ne, Roger Kastel ya yi zanen ne don bangon littafin Peter Benchley, masu fim suka ga ba za su iya yin wanda ya fi shi ba, suka ɗauka. A can bangon littafi ne ya ciyar da fastar fim. A nan gida kuwa sai aka yi akasin haka.

Laifi tudu ne, bari mu sauko daga kan namu mu dube shi. Littattafan farkon shekarun 1990, na zamanin ƙungiyoyin Raina Kama da Kukan Kurciya, yawancin bangonsu zanen hannu ne. Wani zanen hannun mutum ya fi ƙafarsa tsawo, wani motar kamar kwalin ashana, mun yi dariya a lokacin. Amma mai zanen ya ji labarin kafin ya ɗauki alƙalami, shi ya sa za ka ga budurwa ta juya baya, saurayi ya dafe kai, uba ya nuna ƙofa da yatsa. Da finafinai suka yi ƙarfi, musamman bayan Sangaya da Wasila, sai muka ga kasuwa ta koma can, muka ruga. Marubuciya ta ɓata wata shida tana gina yarinya baƙa, siririya, 'yar talakawa mai tallar fura, a kai maɗaba'a a manna mata hoton wata Ba'indiya da zinariya har goshi. Ko tambayar mai hoton ba a yi ba, balle mai labarin. Mun san marubucin da ya ga bangon littafinsa a karo na farko a hannun mai talla a tashar Gumel, ya juya shi gaba da baya bai gane nasa ba ne sai da ya karanta sunansa. Ya yi ƙorafi? Bai yi ba. Cewa ya yi tunda yana tafiya a kasuwa, shi ke nan.

Dillalai suna da hujja, kuma ba za mu ce ba ta da ƙarfi ba. Sukan ce mai saye a Maigatari tsayuwar minti ɗaya zai yi, motar garinsu na shirin tashi, fuskar da ya sani ita ce za ta tsayar da shi. Gaskiya ne. Amma in rumfa ɗaya na ɗauke da fim talatin, kuma fuskoki biyar ne ke yawo a kan talatin ɗin, da me zai bambance? Sau nawa aka kai kaset gida matan suka ce ai wannan mun gani, alhali sabo ne? Sau nawa aka sayi wanda aka riga aka gani da zaton sabo ne? Mafi muni, sau nawa aka cika rabin kwali da kan jarumin da fitowa biyu kacal ya yi a fim ɗin? Wannan ba talla ba ce, algus ne, daidai yake da zuba tsakuwa a ƙasan buhun gero. Mutumin ƙauye yana da haƙuri amma ba ya mantuwa. Muna ganin wannan na cikin abin da ya sa, da masu tura fim a waya suka bayyana, mutane suka juya wa kwali baya ba tare da ko waiwaye ba, don kwalin ya daɗe da daina gaya musu gaskiya.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa gane sirrin nan shi ne wanda 'yan boko suka fi rainawa, marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a 2014. Fuskarsa ce a kwali, haka ne, amma kowane fim da shigarsa. Ka ga shigar Ibro Awilo ka ga ta Ibro Usama, tun kafin a karanta maka suna ka san da wa ake tsokana, ka kuma fara dariya a nan bakin rumfa. Kwalinsa ya yi maka alkawarin dariya, fim ɗin ya cika.

Hukumar tace finafinai da Jihar Kano ta kafa a 2001 tana iya cewa wannan sutura ta yi, wannan ba ta yi ba. Amma babu hukumar da za ta zauna ta auna ko hoto ya dace da ruhin labari. Wanda ya san ruhin labari shi ne wanda ya rubuta shi, mu ke nan. Kuma ba mu rasa kayan aiki ba. Wai sai an jera mata biyu suna harara kafin a san labarin kishi ne? Ajiye takalmin namiji ɗaya a ƙofar ɗaki mai sabon labule, can gefe kuma wata ƙofar a rufe, fitila na ci a ciki. Wace mace ce daga Gumel zuwa Damagaram ba za ta karanta wannan ba? Auren dole: hannu ya sha lalle, ya damƙe ƙyauren ɗaki, ba a nuna fuskar ba. Labarin makiyayin da aka kore wa garke: turke ba dabba, igiya a ƙasa, sanda a jingine, hazon hunturu ya rufe sauran takardar. Muna da shuɗin baba, da jan ƙasa, da farin likkafani, da hasken aci-balbal, kowannensu yana taɓa zuciyar Bahaushe ta inda ya saba. Amma mai kwamfutar da aka ba minti talatin ya haɗa fasta, bai karanta labarin ba, ina zai san da wannan? Ba laifinsa ba ne. Ba a ba shi komai ba sai hotuna.

Kada wani ya ce zancen ya wuce tunda kaset da faifai sun kau. Fastar ba ta mutu ba, ƙanƙancewa ta yi ta shige waya. Ɗan hoton nan da ke gaban kowane kashi na Izzar So ko Labarina a YouTube, wanda bai fi faɗin babban yatsa biyu ba, shi ne kwalin yau, kuma matashin da ke zaune a rumfar cajin waya a Gagarawa Tasha da shi yake yanke shawarar inda datarsa za ta tafi. Manyan shirye-shirye sun fara kula da nasu, amma ku duba na ƙananan tashoshi: baki a wangale, hawayen da aka ɗiga da kwamfuta, jan kibiya na nuna abin da babu shi a ciki. Littattafanmu da ke yawo a WhatsApp da Wattpad kuwa, bangonsu hotunan matan Larabawa da na Turkiyya ne da aka kwaso daga intanet, yanzu ma har da waɗanda na'ura ke ƙirƙirowa, fata sumul kamar roba, ba ƙabila ba gari.

A ƙasar Gana, a shekarun 1980 da 1990, masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye sun riƙa sa masu zane su yi musu fasta a jikin buhun fulawa. Yau waɗannan buhuna ana baje kolinsu a Turai da Amurka, ana saye da tsada. Mu ma muna da irin waɗannan hannaye. Su ne ke zana zaki da dawisu a bayan manyan motocin da ke lodin shanu a Maigatari, su ne ke rubuta allunan masu aski da masu shayi a cikin garin Gumel. Ba mu taɓa gayyatar ɗayansu taronmu ba. Muna kira ga kowane reshe, a zama na gaba a kira ɗaya daga cikinsu, a karanta masa gajeren labari ɗaya daga farko har ƙarshe, a ba shi mako biyu da kuɗin fenti, a ga abin da zai kawo. Duk ɗan ƙungiyar da zai sayar wa furodusa labari kuma, ko zai kai littafi maɗaba'a, ya sa a rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba za a buga fasta ko bango ba sai ya gani ya sa hannu. Furodusan da ya ƙi wannan sharaɗi, a kawo maganarsa gaban taro.