Daga Wuri Zuwa Wayar Hannu: Yarda Ita Ce Kuɗi

Kalmar nan "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce. Shi kuwa wuri ɓawon wani ɗan dodon-koɗi ne na teku, wanda akasarinsa daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya ake kawo shi. Ba a cinsa, ba ya maganin kome, amma da shi aka daɗe ana ciniki a Kasuwar Kurmi ta Kano. Abin da ya ba shi daraja shi ne yardar jama'a cewa gobe ma za a karɓe shi. Da wannan yardar ce fam da sule suka gaji wuri, naira kuma ta gaje su a 1973.

Yanzu ana son jama'a su bar tsabar kuɗi su koma biya ta waya da kati. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Farkon 2023 tsaba ta yi wuyar samu, aka koma tiransifa ala tilas, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A tsakanin nan na'urorin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin. Sai a zare kuɗi daga asusun mai saye, mai sayarwa bai ga alat ba, kaya kuma ba su fita.

Wasu na ɗora ɗari-ɗarin da ya biyo baya a kan jahilci. Ilmin halittu bai goyi bayansu ba. An gwada an gani cewa ɓeran da ya ci wani abinci ya yi rashin lafiya sau ɗaya tak, yakan daɗe yana ƙyamarsa. Ƙwaƙwalwa ba ta saurin manta cuta, domin ta haka halitta ke tsira. Mai tumatir da jarinta ya maƙale mako guda tana da hujjar cewa sai tsaba.

Saboda haka nauyin yana wuyan bankuna: su gyara hanyoyin sadarwarsu, su mayar da kuɗin da ya maƙale cikin gaggawa, su hukunta mazambata. Malamai kuma su koya wa ɗalibai ɓoye lambar sirri da duba asusu kafin sakin kaya, su kuwa ɗaliban su kai darasin gida wurin iyayensu.