Kuɗin mota da kwanciyar hankali

Mahaifina tela ne a Zariya. Shekara arba'in ya yi a kan keken ɗinki ɗaya, ko babur bai taɓa mallaka ba, amma ban ga mutumin da barci ke ɗauka da wuri irinsa ba. Bayan la'asar yakan rufe shago, ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar gida, abokansa huɗu su hallara. Ranar da ɗaya bai zo ba, kafin magariba an tura yaro ya dubo ko lafiya. Da mahaifiyarmu ta kwanta asibiti, ban san inda kuɗin magani ya fito ba sai bayan rasuwarsa. Ashe su huɗun nan ne suka haɗa, kuma babu wanda ya taɓa tayar da maganar.

Ni a ganina nan asirin barcinsa yake. Ya san in dare ya yi masa tsakiya, akwai ƙofar da zai buga a buɗe.

Jami'ar Harvard a Amurka ta fara wani bincike a 1938, ta bi rayuwar maza 724, wasu ɗalibanta, wasu 'ya'yan talakawan birnin Boston, tun suna samari har tsufa. Abin da ya fito fili shi ne, waɗanda suka fi gamsuwa da zamansu da iyali da abokai a shekara 50 su ne suka fi lafiya da walwala a shekara 80. Birtaniya kuwa har minista ta naɗa kan matsalar kaɗaici a 2018. Abin da suke nema da kuɗin gwamnati, mu a zaure muka tashi muka same shi.

To, me muke yi da shi yanzu? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninninka, kuma abin da muka fara yankewa shi ne ziyara. Gaisuwar rasuwa ta koma saƙon WhatsApp. Suna da biki, a tura ɗan abin da ya samu ta asusun banki, shi ke nan. Sababbin unguwanninmu kuma katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, babu zaure, babu dakali, maƙwabci sai ka shekara ba ka san sunan ɗansa ba.

Ba ina raina talauci ba ne. Mai yunwa ba ya jin daɗin hira, kuma magidancin da bashi ya sha wa kai ba majalisa ce za ta biya masa ba. Sai dai a irin wannan matsin ne aka fi bukatar mutane, mu kuma a lokacin ne muke janye ƙafa.

Watan jiya na hau mota zuwa Funtuwa wajen gwaggona, bayan shekara biyu ina gaishe ta a waya kawai. Na tarar da ita ta rame, idonta ɗaya ya daina gani, abin da ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta riƙe hannuna ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗan nan, a waya kowa lafiya lau yake." Ta sa aka dama mini fura, ta hana ni tashi sai da na kwana.